Bambancin Matakin Fahimta a Ajin Hausa: Hanyoyin Biyan Bukatun Ɗalibai a Makarantun Azare da Ƙasar Katagum

1.0 GABATARWA

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san cewa ɗaliban da ke zaune a aji ɗaya ba su tafiya da sauri ɗaya. A aji huɗu na firamare, alal misali, akan sami yaron da ke karanta labari tiryan-tiryan, ga kuma na kusa da shi a kan benci wanda har yanzu bai rarrabe b da d ba. Bisa al'ada, malami kan kira na farko haziƙi, na biyu kuwa daƙiƙi, sa'an nan ya ci gaba da darasinsa da 'yan ƙalilan ɗin da ke ɗaga hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mafi yawan abin da ake ɗauka bambancin basira ne a ajin Hausa, a haƙiƙa bambanci ne na inda kowane yaro ya faro da kuma lokacin da yake bukata. Za a kafa hujja da yanayin makarantun Azare da ƙasar Katagum a Jihar Bauchi, inda aiki ya kawo marubucin, ya kuma sami damar shiga azuzuwa wajen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Har wa yau, maƙalar za ta nuna cewa dabarar tafiya da kowane yaro daidai matakinsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kuwa a kanta makarantar allo ta ginu.

2.0 ƘASAR KATAGUM DA HARSUNANTA

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19. A zamanin mulkin Turawa aka mai da gadon sarautar zuwa Azare. A tsarin mulki na yanzu, Azare ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, shi kuwa tsohon garin Katagum hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ne.

Wannan ƙasa, wadda ake kira Guddiri, tana tsakanin Kano da Borno, don haka mahaɗar al'ummu ce tun asali. Bayan Hausa, ana jin Fillanci da Barbarci, sa'an nan akwai masu magana da Badanci da harshen Karekare a sassan da ke kusa da Jihar Yobe. Schuh (2001) ya yi bayanin wasu harsuna uku 'yan uwan Badanci, watau na Shira da Teshena da Auyo, waɗanda aka yi magana da su a wannan shiyya kafin Hausa ta haɗiye su. Ita kanta Hausar yankin tana da nata kari, Guddiranci, wanda Bagari (1982) ya yi nazarin wasu sassansa. Abin lura a nan shi ne, malamin da ya shiga aji a Azare ko Gamawa ko Yana yana fuskantar yara ne waɗanda alaƙarsu da daidaitacciyar Hausa ta sha bamban tun kafin ya buɗe baki.

3.0 TUSHEN BAMBANCI TSAKANIN ƊALIBAI

Ba a musun cewa Allah bai yi mutane da kaifin ƙwaƙwalwa ɗaya ba. Sai dai kafin a yanke wa yaro hukunci a kan basirarsa, ya kamata a fara duba abubuwa huɗu.

3.1 Harshen Gida

Yaron da ya taso a ruga yana jin Fillanci, wanda Hausarsa ba ta wuce ta cinikin nono da gaisuwa ba, aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya: yana koyon harshe, yana kuma koyon karanta shi. Shirunsa a aji ba alamar rashin fahimta ba ne. Sau da yawa kalmar ce bai sani ba, ba harafin ba.

3.2 Karin Harshe

A wurare da dama na Jihar Bauchi, mahaɗin -n kan maye gurbin -r a bayan suna jinsin mace, haka nan karɓau kan sauya gurbi. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. rigan Audu (maimakon rigar Audu)
b. makarantanmu (maimakon makarantarmu)
c. ya sayi riga wa Audu (maimakon ya saya wa Audu riga)

Yaron da ya rubuta irin waɗannan ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji ne daidai wa daida. Hasali ma wannan shaida ce ta cewa ya gane dangantakar sauti da harafi. Malamin da ya cika littafinsa da jan biro ba tare da ya bayyana masa bambancin karin gida da daidaitacciyar Hausa ba, ya mai da gwani koma-baya ke nan.

3.3 Karatun Allo

Yara da yawa kan shigo makarantar boko bayan sun yi shekaru a gaban malamin allo. Irin wannan yaro ya riga ya san cewa alamar da ke kan allo sauti take wakilta, ya san yadda baƙi ke ɗaukar wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a ya zama gaɓa. Abin da ya rage masa shi ne sabon tufafin haruffa da kuma juya hannu daga hagu zuwa dama. Amma da yake rajistar makaranta ba ta tambayar wannan, sai a zaunar da shi a matsayin wanda bai san kome ba, tare da yaron da bai taɓa riƙe alƙalami ba.

3.4 Halarta da Lafiya

A ƙauyukan da ke bakin kogin Jama'are, aikin gona da na fadama da ambaliyar damina kan raba yara da aji na tsawon makonni. Tallar 'yan mata da ranakun kasuwa su ma suna cin nasu rabon. Bayan wannan akwai yaron da ba ya ganin allon bango sosai daga bayan aji, ko wanda ciwon kunne ya rage masa ji. Duk waɗannan kan fito a takardar sakamako da suna ɗaya, watau na ƙarshe a aji.

4.0 YADDA TSARIN AJI KE FAƊAƊA GIƁIN

Tsarin makarantar boko ya ginu ne a kan zaton cewa yaran da suka shiga a shekara ɗaya za su ci gaba kafaɗa da kafaɗa. Manhaja ta tsara abin da za a koyar mako-mako, sufeto kuwa abin da yake dubawa shi ne ko malami ya kai inda manhajar ta ce. Tun daga shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin ilimin bai-ɗaya na 1999 da dokarsa ta 2004, yawan yara ya riƙa gaba da yawan malamai da azuzuwa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati na cikin garin Azare ba abin mamaki ba ne a ga aji ya ninka haka. Idan aka ɗauka aji yana da yara 80, darasi kuma minti 35 ne, to rabon kowane yaro bai kai rabin minti ba, ko da malami bai yi wani abu ba sai sauraronsu ɗaya bayan ɗaya.

Mafitar da malamai suka samu ita ce karatun amshi: malami ya faɗa, aji ya maimaita da murya ɗaya. A cikin wannan amo, yaron da bai san harafi ba yana iya ɓuya shekara da shekaru. Marubucin ya taɓa ganin haka a wata makaranta, inda aji ya rera shafi guda ba tuntuɓe, amma da aka rubuta kalma ɗaya daga tsakiyar shafin a kan allo, aka ce wani yaro ya karanta, sai ya fara daga jimlar farko ta shafin. Hadda ya yi, ba karatu ba. Gwaje-gwajen karatun Hausa da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, sun tabbatar da girman matsalar, domin sun nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada a ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Wannan ne ya kai ga shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin biyu a ƙarƙashin wani aiki da ya fara a 2015.

Illar ba ta tsaya a nan ba. Stanovich (1986) ya nuna cewa yaron da ya iya karatu da wuri yakan ƙara karantawa, kalmominsa su yawaita, karatun ya ƙara yi masa sauƙi, shi kuwa wanda ya makara sai ya riƙa gudun littafi, giɓin ya yi ta faɗi kowace shekara. Da yake ana ciyar da yara gaba ko sun iya ko ba su iya ba, sai a wayi gari yaro ya kammala aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba. Uban da ya ga haka yana da hujja idan ya ce gara ɗansa ya koma gona ko kasuwa.

5.0 DARASI DAGA MAKARANTAR ALLO

Carroll (1963) ya fassara basira da cewa ita ce yawan lokacin da ɗalibi ke bukata kafin ya ƙware a kan abu. Bloom (1968) ya ɗora a kan haka, ya ce mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa muddin aka ba su isasshen lokaci, aka kuma hana su wuce mataki sai sun riƙe na baya. Wanda ya san tsangaya zai ga cewa wannan ra'ayi ya daɗe yana aiki a ƙasar Hausa da Borno.

A makarantar allo ba shekarun haihuwa ke ƙayyade karatu ba. Kowane almajiri yana da allonsa, abin da ke rubuce a kai kuwa shi ne daidai inda ya tsaya. Yakan fara da babbaƙu, ya wuce zuwa farfaru, daga nan ya shiga surori. Ba ya wanke allo sai ya biya wa malam, malam ya gamsu. Wanda ya riƙe yau, a yi masa ƙari yau. Wanda ya bukaci mako guda, a bar shi da allonsa mako guda, ba kuwa wanda zai ce ya faɗi jarrabawa. Daɗin daɗawa, malam ba shi kaɗai ke aikin ba: gardi kan biya wa titibiri, titibiri ya biya wa kolo. Ta haka mutum ɗaya ke iya riƙe almajirai masu yawa, kowa a matakinsa.

Ba ana cewa a kwafi makarantar allo dungurungum ba ne. Dogaro da hadda ba tare da sanin ma'ana ba, da amfani da bulala, da halin ƙuncin da almajirai da yawa ke ciki, abubuwa ne da ba za a yi koyi da su ba. Abin ɗauka uku ne: a san matakin kowane yaro, kada a wuce sai an ƙware, kuma na gaba ya taimaki na baya.

Irin waɗannan ƙa'idoji ne ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina hanyarta a kai, wadda ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada hanyar suka tabbatar da amfaninta. An jarraba ta a Jihar Borno daga 2018, sa'an nan a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano. Malamin Azare da ya karɓe ta, abin gida ne ya dawo masa da sabon suna.

6.0 MATAKAN AIWATARWA A AJIN HAUSA

6.1 Gwajin Gano Mataki

A farkon zango, malami ya zauna da kowane yaro shi kaɗai na kimanin minti biyar, da takarda guda mai sassa huɗu:

(2) a. Haruffa: m, a, k, ƙ, b, ɓ, u, sh, ts
b. Kalmomi: gida, ruwa, ƙafa, hannu, littafi
c. Sakin layi: Larai ta tafi rijiya. Ta ɗebo ruwa a tulu. Ta kai wa kakarta. Kaka ta sa mata albarka.
d. Gajeren labari, da tambayoyi biyu a kan ma'anarsa.

Inda yaro ya tsaya, nan ne matakinsa. Za a sami matakai biyar: mafari, mai haruffa, mai kalmomi, mai sakin layi da mai labari. A tambayi yaro harshen da ake yi a gidansu da inda ya kai a allo, a kuma lura ko yana matso da takarda kusa da ido ko yana karkato kunne. Aji mai yara 80 zai ci kimanin awa bakwai, aikin da malamai biyu za su gama cikin mako guda.

6.2 Rukunoni na Wucin Gadi

A ware awa ɗaya kowace rana, a haɗa yaran aji uku zuwa biyar, a raba su bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba, kowane malami ya ɗauki rukuni ɗaya. Wannan ya bambanta da tsohuwar al'adar raba aji zuwa A da B da C, inda yaron da ya faɗa C kan dawwama a can, sunan ya bi shi, malamai su yanke ƙauna daga gare shi. A nan ana maimaita gwaji bayan kowane mako shida ko makamancin haka, wanda ya ƙware ya wuce gaba, kamar dai wanke allo. Kada a raɗa wa rukunoni sunayen da ke nuna fifiko.

6.3 Abin Koyarwa a Kowane Mataki

Hausa ta yi wa mai koyo gata, domin rubutunta na boko yana bin furuci ƙwarai, gaɓoɓinta kuma siga uku kawai gare su: baƙi da wasali (BW), baƙi da wasali biyu ko dogon wasali (BWW), da baƙi da wasali da baƙi (BWB). Masu matakin farko su fara da sauti da gaɓa, suna harhaɗa katunan kwali: ma, ka, ta, su ba da maka, kama, tama. Yaron da ya zo daga allo a nuna masa gaɓar da ajami a gefen ta boko, zai haye cikin ɗan lokaci. Masu matakin kalmomi a horar da su da tagwayen kalmomi masu bambancin harafi ɗaya:

(3) baki / baƙi; kafa / ƙafa; bari / ɓari; daka / ɗaka

Masu matakin sakin layi su ne za a nuna wa cewa rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, saboda haka jimla ce ke fayyace ko gari na zama ake nufi ko garin tuwo. A nan ne kuma ya dace a gabatar da bambancin karin gida da daidaitacciyar Hausa, a matsayin riga biyu da kowace ke da wurin sawarta.

6.4 Haziƙai

Yaron da ya yi gaba shi ma yana da haƙƙi. Idan aka tsare shi yana maimaita abin da ya sani, gundura kan mai da shi mai tsokana. Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar haziƙai a Suleja, amma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke haziƙan ƙasa duka ba. A cikin aji, irin wannan yaro a ba shi littattafai kamar Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a sa shi ya tattaro tatsuniyoyi da karin magana daga bakin tsofaffin unguwarsu ya rubuta. Abin da ya rubuta, bayan gyaran malami, ya zama abin karantawa ga na ƙasa da shi. Yana iya biya wa ƙanana na ɗan lokaci, amma kada a mai da shi malamin da ba a biya, har nasa karatun ya tsaya.

6.5 Masu Bukata ta Musamman

Mai raunin gani ko ji a zaunar da shi gaba, a sanar da iyayensa domin a kai shi asibiti. Sanarwar Salamanka ta 1994 ta yi kira da a karɓi irin waɗannan yara a makarantun kowa da kowa, dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019 kuma ta ba su haƙƙin ilimi. Kurame a ƙasar Hausa suna da nasu harshen, maganar hannu, wanda Schmaling (2000) ta yi nazarinsa a Kano, kuma ya cancanci malamai su san da shi.

7.0 MATSALOLI

Matsala ta farko ita ce tsoron sufeto. Malami ba zai bar manhaja ya koma koyar da haruffa a aji huɗu ba sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta amince da awar a jadawali. Ta biyu ita ce horo. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wadda ke yaye malamai da yawa na wannan shiyya, ita ce wurin da ya fi dacewa a koya wa ɗaliban sashen Hausa gudanar da wannan gwaji, a kuma auna su da shi lokacin gwajin koyarwa. Ta uku ita ce rashin tabbas a manufar harshe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan a koma Ingilishi. Ko da wane harshe aka ce a koyar, yaron Azare da Hausa yake shigowa aji, kuma wanda bai iya karanta harshen da yake ji ba, da wuya ya karanta wanda bai ji.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa bambancin da ake gani tsakanin ɗalibai a ajin Hausa a ƙasar Katagum yana da tushe a harshen gida da karin harshe da karatun allo da halarta da lafiya, kuma koyar da aji duka da murya ɗaya faɗaɗa shi yake yi. An kawo shawarar a gwada kowane yaro, a raba su rukunoni na wucin gadi, a bi ƙa'idar makarantar allo ta hana wucewa sai an ƙware. Akwai aikin da ya rage wa masana harshe: a tsara jerin kalmomin Hausa bisa sauƙinsu, a rubuta gajerun labarai na mataki-mataki, a kuma yi cikakken kwatanci tsakanin Guddiranci da daidaitacciyar Hausa wanda malamin firamare zai iya amfani da shi. Irin wannan nazari zai amfani sauran yankunan Nijeriya inda harshen aji ya bambanta da na gida.